Kabari na Huɗu a Layin Baƙi

A Arlit na fara sanin na bar gida. Daga Maraɗi har Agadas ji nake kamar biki zan je wani gari mai nisa, Hausa ake yi a mota, ana cinikin fura ta taga. Amma da muka sauka Arlit na duba gabas, na duba yamma, ban ga kara ko ɗaya tsaye ba, sai zuciyata ta ce mini, Rabi, kin yi nisa.

Ba neman kuɗi ya fito da ni daga garinmu Gidan Sori ba, ko da yake haka na gaya wa maƙwabta. Ɗana na fari ya tafi aikin gini Tamanrasat, can ƙasar Aljeriya. Ya faɗo daga bisa, Allah ya karɓi abinsa. Abokinsa Ilu, ɗan garinmu, shi ya aiko mini da murya ta waya ranar da suka rufe shi. Na saurare ta har na haddace:

"Inna, sai haƙuri. Mun yi mishi sutura yadda ta kamata. Shina maƙabartar bayan gari, layin baƙi, jikin bango. Shi ne na huɗu."

Daga nan Ilu ya ƙara gaba, wai Libiya, lambarsa ta daina shiga.

Kowa ya sani a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. "Kai" nake ce masa, ko "yaron nan". Kakarsa ce ta goye shi, ita ke masa wasa, ni kuwa in ya shigo sai in kau da kai kamar ban gan shi ba, sannan in tura masa akushi da ƙafa. Haka na tarar uwata tana yi, kuma shi ma ya san ba ƙi ba ne. Amma bayan rasuwarsa sunan ya tsaya mini a maƙogwaro, ba ya wucewa, ba ya fitowa. Abin da nake so ke nan, in tsaya bisa kansa in kira shi. Malam, maigidana, ƙafa ta hana shi tafiya. Ya ce addu'a daga ko'ina tana isa. Na ce na sani. Ya dube ni ya ce, "To, ki dawo kafin shuka."

A gidan da direbobi ke tara fasinja a Arlit na haɗu da Daso, wata Bafulatana daga rugagen bayan Sae Sabuwa. Shanunsu sun ƙare a wata muguwar shekara, tun daga nan take hawa arewa tana kitso tana sayar da saiwoyi. Ta ga ina shan ruwa kamar ina bakin rijiyar gidanmu, ta fizge jarkar daga hannuna.

"Ke Kaɗo, haka za ki shiga hamada? Jiƙa baki ake yi, ba wanka ba."

"To Fillo, ai sai ki koya mini," na ce.

Tun daga ranar ba mu rabu ba. A bayan mota ta sa ni tsakiya, ita ta zauna gefe tana riƙe da sandar da aka kafa don kada mutum ya faɗo. Kafin iyaka direba ya sauke mu, ya nuna wani wuri da leɓe, ya ce mu miƙe, ba nisa. Nisan da babu shi ya cinye mini takalmi. Da ƙafata ta fara tsagewa Daso ta yage bakin zanenta ta naɗe mini, tana masifa, wai Hausawa ba su iya komai ba sai zama gindin rumbu. Na bar ta ta yi ta faɗa. Bakina ya bushe, kuma na gane masifar ita ce sannunta.

Tamanrasat gari ne na duwatsu, baƙaƙe da jajaye, sanyinsa kuma na shiga ƙashi. Muka sauka a wani kango da ba a gama ginawa ba, inda mata 'yan ƙasarmu ke kwana, yawancinsu daga wajen Damagaram. Ba ƙofa, ba taga, buhu ake ratayawa. Kowace safiya sai in ji kamar an ce mini tashi ki saki awaki, in farka in ga siminti.

A nan aka nuna mini wani mutum mai farar shadda, ana ce masa Sarkin Baƙi, ban san wa ya naɗa shi ba. Wai babu Bahaushen da ya mutu a garin bai sani ba. Na gaya masa abin da ke tafe da ni. Ya dafa ƙirji.

"Allahu akbar! Dogo, baƙi, mai ladabi? Ni na yi mishi salla. Hajiya, sai dai mota na shan mai."

Ba ni da abin mai, sai 'yan kunnena na azurfa da uwata ta bar mini. Na cire na ba shi. Ban taɓa taka maƙabarta ba tun da aka haife ni, mata ba sa zuwa a garinmu, saboda haka ban san yadda ya kamata in gani ba. Ya kai ni gaban wani kabari mai farin dutse da rubutun Larabci, ya ce ga shi, ya ce bari ya je ya dawo. Na durƙusa. Zuciyata tana ce mini Ilu bai ambaci dutse ba, kuma ba bango kusa, amma na gaji, kuma wanda ya gaji yana son a ce masa ya iso.

Ina nan durƙushe sai na ji tsayuwar mutum. Wata dattijuwa ce fara, cikin baƙin lulluɓi, riƙe da butar ruwa. Ta yi mini Larabci, na girgiza kai. Sai ta juya harshe zuwa Hausar Agadas.

"Baiwar Allah, mi kike nema bisa kabarin mijina? Ko ya yi wata matar ban sani ba?"

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Na ba ta labari ina in-ina. Ba ta yi dariya ba kuma. Ta ce mai farar shaddar nan ba yau ya fara ba. Ta zuba wa mijinta rabin ruwan, ta kama hannuna, muka ratsa har ƙarshen maƙabartar.

Nan na ga layin baƙi. Tudun tsakuwa ne guda goma a jere, kafaɗa da kafaɗa, kawunansu na jikin bango, siririyar hanya ta bi ta wajen ƙafafunsu. Ba suna, ba rubutu, dutse ɗaya a kai, ɗaya a ƙafa. Ta gabas akwai wata busasshiyar ƙaya, ta yamma akwai tankin ruwa. Da na tsaya kan hanyar ina fuskantar su, ƙayar tana hannuna na hagu, tankin yana dama.

Ban yi wani tunani ba. Na ɗaga yatsa daga hagu: ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Dole in faɗi dalili. Da girmana na yi karatun manya, a wata rumfar zana bayan masallacin garinmu. Kafin nan ina ƙirga kajina da dammunan gerona ta duk inda ido ya faɗa. Madam da ke koya mana ita ce ta yi ta kama mini hannu tana mayar da shi gefe guda: "Daga hagu, Rabi, kullum daga hagu." Tun daga lokacin lambobi suka yi layi cikin kaina, ɗaya tana can hagu a tsugune, manya suna ta tafiya dama. Ko ido na rufe haka nake ganinsu. Na ɗauka haka Allah ya jera su ga kowa.

Dattijuwar ta ja da baya ta ba ni wuri. Na durƙusa gaban na huɗu daga ƙaya, na buɗe baki, sunan ya fito. Da ƙyar ya fito, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Na sake kira. Na gaya masa ƙannensa lafiya lau, an aurar da ƙanwarsa Hassi, jakinsa ya tsufa. Ranar na yi barcin da ban yi ba tun zuwan muryar Ilu.

Sunan dattijuwar Lalla. Uwarta mutuniyar Agadas ce, shi ya sa take jin Hausa. Tana kiwon kaji a bayan gidanta, ta ce in zo in taya ta, in samu abin komawa. Na karɓa, na ce in zauna kusa da yaron har sanyi ya wuce. Duk Juma'a da safe muna zuwa maƙabarta tare, yadda matan garin ke yi. Ita ta koya mini a yayyafa wa kabari ruwa, a bar ɗan hatsi don tsuntsaye. Na gyara duwatsun na huɗu, na tsince ƙayoyin da iska ta tara masa. Na yi ta kiran sunan har ya saba da bakina.

Wata ranar kasuwa mai sayen kaji ya zo. Kejin Lalla a jere suke jikin katanga. Daga cikin ɗaki ta ɗaga murya ta ce in kamo masa na keji na uku, tsofaffi ne, sun daina ƙwai. Na kamo, na ɗaure musu ƙafa. Tana fitowa ta saki salati.

"Rabi! Masu ƙwan nawa za ki ba mahauci? Na uku na ce miki!"

"Ga shi kuwa, Lalla. Ɗaya, biyu, uku."

Ta kama wuyan hannuna, kamar yadda Madam ke yi, sai dai ita dama ta kai shi.

"Ɗaya, biyu, uku. Wa ke fara ƙirga da hannun tsarki? Karatun Alƙur'ani daga ina yake farawa? In za ki raba wa baƙi shayi, daga ina kike farawa?"

Mai sayen kaji yana dariya, ita ma tana dariya tana kwance igiya. Ni kuwa na tsaya da hannuna a sama inda ta bar shi. Ilu bai taɓa zama lakol, makarantar boko, ba. Allo ya yi a zauren Malam, kuma allo daga dama yake farawa.

"Lalla," na ce, "ran da kika kai ni, kin ga inda na fara ƙirga?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce ta ja baya ne, ba ta duba ba.

Daga wannan rana zama ya ƙare mini. In na ɗauki tsintsiya sai in tsinci kaina tsaye ina ƙirga keji, in fara ta nan, in koma ta can. Juma'a ta zo, na tsaya kan hanyar. Na huɗu daga ƙaya, ga duwatsun da na gyara. Na huɗu daga tanki, ga shi can, ƙaya ta lulluɓe shi, ban taɓa ko dubansa ba. Kaburbura biyu ne tsakaninsu. Na buɗe baki a nan, sunan ya ƙi. Na matsa can, ya ƙi. Sai wani tunanin ya ƙara zuwa: ko da Ilu daga dama ya fara, a ina yake tsaye? Masu rufe gawa ai ba kan hanya suke tsayawa ba. In ta wajen bango yake, damarsa ita ce haguna.

Na je wurin mai gadin maƙabartar, Lalla tana fassara. Ya ce shi sabo ne, kuma baƙi 'yan uwansu ke haƙa musu, ba ya shiga. Ya buɗe tafin hannuwansa biyu ya ɗaga sama.

Na zama abin tausayi a kango. Duk wadda na samu sai in jera mata duwatsu a ƙasa in ce ta nuna mini na huɗu. Wadda ta yi lakol ta fara ta hagu. Wata ta fara ta dama ta ce albarka tana dama. Wata tsohuwa ta ƙi taɓa su, ta tambaye ni ina gabas tukuna, wai ita ba ta san hagu da dama a ƙasa ba, gabas da yamma ta sani. Wata kuma ta fara daga wanda ya fi kusa da gwiwarta. Kowacce tana mamakin yadda za a yi wani ya fara ta wani wurin.

Har kaji na tambaya, kuma ba zan ɓoye ba. Lalla ta sayo 'yan tsaki cikin kwali. Akwai wani katako da aka kafa wa gwangwanayen kifi a jere, a ciki muke zuba musu abinci. Na miƙe katakon daga bakin kejinsu ya yi gaba, yadda gwangwani na farko ke kusa da su, na ƙarshe yana nesa. Na cika duka da yashi, na riƙa binne ɓarzajjen gero cikin na huɗu kaɗai. Ba a daɗe ba suka gane. Ina buɗe musu sai su wuce uku da gudu su hau tonon na huɗu. Sai wata safiya na juya katakon ya gitta a gabansu, kamar yadda layin nan ke gitta mini, ban sa gero ko'ina ba, na riƙa sakin su ɗaya bayan ɗaya. Ɗan abu kamar audugar rimi ya tsaya, ya karkata kai, ya nufi na huɗu daga hagunsa. Na biye ma haka. Akwai waɗanda suka bi dama, akwai wanda ya tsaya yana kuka, amma mafi yawansu hagu suka fara. Ba Madam da ta kama musu hannu.

Na tafi kango da sauri kamar mai albishir. Na tarar da Daso tana yi wa wata kitso, da tsinke a baki.

"Fillo, ashe hagu ita ce ta asali. Ko dabba daga hagu take farawa."

Ta cire tsinken ta dube ni sama da ƙasa.

"Kaɗo, kin ƙetare hamada don kaza ta nuna miki ɗanki? Ilu naku ɗan tsako ne?"

Matan suka fashe da dariya. Ni ma na so in yi, sai hawaye suka riga ta. Daso ta sallami mai kitson da rabin kai, ta jawo ni gefe, ta sa na sake faɗa mata maganar Ilu kalma bayan kalma. Ta fara zane a ƙasa da tsinke. Ta ja layi ɗaya dogo.

"Kin san dangwali?"

Na ce na sha gani a ruga, igiyar da ake ɗaure maruƙa a jere.

"To, mu ba mu san hagu ba, ba mu san dama ba. Babban maraƙi shina kan igiya, mai bi mishi na biye, wanda aka haifa jiya shina wutsiya. Su da kansu sun sani, da yamma kowa gurbinsa yake tsayawa, in wani ya shiga na wani sai an yi karo. In aka ce miki na huɗu, ba sai kin tambayi hannu ba. Ki tambayi wa ya riga wa."

"Ban gane ba, Daso."

"Ran da Ilu ya yi miki magana, goma ne a layin?"

Na dubi layin da ta ja a ƙasa.

"A ranar za a rufe shi, ba wanda ke bayansa. Uku ya tarar, ya zama na huɗu. Ɗan farinki, a ranar nan shi ne auta. Sauran shida daga baya suka zo. Ki nemo kan igiya, Kaɗo, ki bar kaji su huta."

Na rungume ta, ta ture ni, wai zan ɓata mata man kitso.

Sai dai gane tambaya ba shi ne samun amsa ba. Na koma na tsuguna a ƙarshen gabas, na tsuguna a ƙarshen yamma. A gida ko da ido rufe ina bambanta kunyar gonar bana da ta bara, ruwan sama ke faɗa. A nan ba ruwa, iska ce kawai, kuma iska ta mayar da su duka ɗaya. Akwai fili bayan na ƙarshe ta wajen ƙaya, akwai fili ta wajen tanki. Na shafa duwatsu, na murza tsakuwa a hannu, na shinshina ƙasa. Yau in ce lalle gabas ce ta tsufa, gobe in ce yamma.

Ana haka lokaci ya fara kora ta. Malam ya kira, ya ce hadari ya fara haɗuwa, har an yi yayyafi wajen Tibiri, iri yana nan cikin tulu yana jirana. Ga kamen baƙi ya tsananta a garin. An kwashe matan wani kango da ke kusa da namu da rana tsaka, wata ko tukunyarta ba ta sauke ba. Daso ta samo mana mota mai gangarawa kudu ranar Asabar.

"In muka bari aka kwashe mu, a iyaka za a zubar da mu, ki sake cin wani takalmin," ta ce. "Ki je ki yi musu addu'a su goma, Allah ya san nashi."

Gaskiya ta faɗa. Malam ma haka ya faɗa tun farko. Amma ba addu'a ce ta tsaya mini a wuya ba.

Juma'ar ƙarshe Lalla ta gama da kabarin mijinta, ta zo ta same ni, ta ce mu tafi. Na ce ta yi gaba. Ta dube ni, ta ajiye mini butarta cike, ta tafi. Mata suka watse. Na yi ta kai da komo a kan hanyar, daga ƙaya zuwa tanki, daga tanki zuwa ƙaya, har rana ta take tsaka, har na ji an sallame sallar Juma'a daga nesa.

Sai ga wata buɗaɗɗiyar mota ta shigo a hankali. Maza ne baƙaƙe a baya, kayansu duk siminti, tsakaninsu abu a naɗe cikin tabarma. Na ja lulluɓina na fita ta wata ɓarakar bango, na tsaya inda nake ganinsu ba tare da na shiga cikinsu ba. Hausa suke yi. Wani saurayi ya yi tsalle ya sauko da diga, ya nufi filin da ke wajen tanki, don nan ya fi kusa da mota. Wani dattijo mai furfura a gemu ya daka masa tsawa.

"Kai, ba nan ba! Nan mafari ne. Can wajen ƙaya muka tsaya wancan karon."

Na dafa bango. Allah ya gafarta mini, abin da ya fara zuwa zuciyata daɗi ne, alhali ga ɗan wata a naɗe cikin tabarma. Idona ya tafi tanki da kansa ya dawo: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Shi ne wanda ƙaya ta lulluɓe. Wanda na yi ta shayarwa kuwa, ina ba shi labarin Hassi da jaki, ban san ko ɗan wace ƙasa ba ne. Bai taɓa ce mini ba shi ba ne.

Na jira suka haƙa, suka sa shi, suka rufe, suka kafa duwatsu biyu, suka shafa fatiha. Sauran suka nufi mota. Saurayin nan mai diga ya rage, ya matso jikin bango kusa da inda nake, bai gan ni ba. Ya fito da waya, ya share fuska da hannun riga, ya danna, ya kai ta bakinsa.

"Iya, sai haƙuri. Mun rufe shi yanzu. Shina maƙabartar bayan gari, layin baƙi. Shi ne na goma sha ɗaya."

Ni da ba na ɗaga murya ko a gidana, ban san lokacin da na ce, "Ɗana, tsaya, kak ka aika!" ba.

Ya firgita ya waiwayo.

"Inna, lafiya?"

"Sake mata. Ka ce daga tankin ruwa ake farawa, daga yamma, a nufi gabas wajen ƙaya. Ka ce in ta tsaya kan hanya ta wajen ƙafafu, tankin yana hannunta na dama."

"Inna, ai ba zuwa za ta yi ba. Tsohuwa ce, tana can Matamaye."

"Ka dai faɗa mata."

Ya dube ni, ya dubi butar da ke hannuna. Ya goge ta farkon, ya sake ɗauka, ina faɗa yana maimaitawa, har ya kai ƙarshe. Ana ta yi masa oda daga mota. Ya sa wayar aljihu, ya ɗauki digarsa, ya yi taku kaɗan, sannan ya juyo.

"Inna, naki na nan ne?"

"Yana nan," na ce. "Na huɗu, daga tanki."

Ya ce Allah ya jiƙan shi, ya ruga. Da ƙarar motar ta ɓace na shiga ta ɓarakar, na zaga ta wajen tanki, na bi layin da ƙafa ina yi wa uku na farko sallama. A gaban na huɗu na ajiye butar, na durƙusa, na fara tsince ƙayar da hannu.